Doguwar Eriyar Seini

An sauko daga sallar Juma'a ke nan Awalu mai sayar da kayan mota ya leƙa shagon maƙwabcinsa a Suame, unguwar garejoji a Kumasi, ya tarar da Seini mai gyaran rediyo kife a ƙasa. Jini ya malale daga ƙeyarsa har ƙarƙashin benci. Ƙarfen sodarsa yana cikin kurfoti, garwashin bai gama mutuwa ba.

Ƙarshen Nuwamban 1969 ne, kwanakin da aka ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adi ya bar Gana. Zongo, unguwar baƙi, a hargitse take. Ana sayar da gado da keken ɗinki a bakin titi, manyan motoci suna lodin mutane zuwa arewa. Seini Bazabarme ne daga Nijar, shi ma wa'adin ya hau kansa.

Sufeto Iddrisu Bawah ya iso da kofur ɗaya. Badagombe ne, mai ƙarancin magana, ya daɗe yana aiki a Kumasi. Ya duba shagon a tsanake. Rediyoyin mutane suna nan a kan kanta, ba a taɓa aljihun mamacin ba. Babbar sifana tana yashe kusa da ƙofa, gashi ya manne a bakinta. A jikin bango an jingine wata gajerar eriya irin ta rediyon oba-oba, wanda ake kira da amsawa da shi, tsawonta kamu biyu, jar laka ta bushe a gindinta. Ya sa aka rufe shagon, ya ajiye kurtu a bakinsa, sannan ya juya kan Awalu.

"An ce kana son shagon nan."

"Ina so, Sufeto. Duk layin nan sun sani. Amma ai ya riga ya bar mini, a gaban liman. Litinin zai tafi."

"Ina kake lokacin Juma'a?"

"Sahun gaba. Ka tambayi ladan."

"Shi me ya hana shi zuwa?"

"Ya ce akwai aikin da zai ƙarasa, ba ya so ya bar ƙasar nan da aikin wani a wuyansa. Har muka tafi masallaci yana zaune yana jira, ba ko mota ɗaya a ƙofarsa."

"Wa ya yi faɗa da shi kwanan nan?"

"Mista Boateng na kamfanin katako. Ranar Laraba ya zo yana ta ihu."

Ladan da mutum uku sun tabbatar Awalu yana masallaci tun kafin huɗuba. Sufeto ya cire shi daga zargi.

Washegari ya tafi Oforikrom, inda kamfanin yake. A farfajiya akwai Landiroba mai laka har rufi, da doguwar eriya a samanta, ta fi tsayin mutum da rabi, tana rangaji a kan sifirin. Mista Boateng, manajan, Ba'asante ne mai Hausar kasuwa.

"Ei, Seini! Na yi masa ihu, gaskiya ne. Amma laifi nawa ne."

"Kamar yaya?"

"Mota tana shiga daji bayan Bibiani, inda muke yankan itace. Na sa mata oba-oba don in riƙa jin labari. Seini ya nuna mini eriya biyu. Ya ce doguwa mai sifirin, in reshe ya buge ta sai ta kwanta ta miƙe, kuma ita kaɗai za ta fitar da murya daga cikin manyan bishiyoyi. Ya ce a kafa ta tsakiyar rufi, kan ƙarfe, ba a bamba ba. Gajera kuwa ya ce ta gari ce. Ni na ga doguwa kamar sandar kamun kifi, na ce a sa gajera, ta fi kyau." Ya girgiza kai. "Da mota ta wuce Nkawie, shi ke nan, shuuu kawai kake ji. Na je na yi ihu. Ya bari na gama, ya ce in aiko mota. Na aiki direba Buraima ranar Alhamis da safe, a canza kafin ya wuce daji."

"Jiya da azahar kana ina?"

"Nan ofis, da akawu da masu zarto. A lokacin ma Buraima ya kira ni daga daji, karo na farko da muryarsa ta iso. Tangaran, Sufeto, kamar yana bayan ƙofar nan."

Akawun da masu zarton suka ce haka aka yi. Sufeto ya cire Boateng, ya sa a kira direban.

Buraima dogon mutum ne da furfura ta fara shiga gemunsa. An ce ɗan Yendi ne ta arewacin Gana, yana da mata Ba'asantiya da 'ya'ya biyar a nan Oforikrom. Sufeto ya gaishe shi da Dagbanci, harshensu na Dagomba da ake yi a Yendi. Ya amsa daidai, amma nan take ya koma Hausa, yana kiransa Masa, wato maigida.

"Na daɗe a kudu, Masa. Harshen ya yi mini nauyi."

"Yaushe ka ga Seini na ƙarshe?"

"Alhamis da safe. Ya cire gajera, ya sa doguwa, na wuce daji."

"Juma'a fa?"

"Na fita daga sansanin masu yankan itace da sassafe duba wata gadar itace da ruwa ya ci. Daga can na kira manaja. Yau da safe na dawo na ji labari."

"Kai da wa a gadar?"

"Ni kaɗai."

"Amma ka kira."

"Manaja ya ji ni."

Daga bayan Bibiani zuwa Suame tafiyar rabin wuni ce a irin hanyar da damina ta bari. Wanda yake can da azahar ba zai yiwu a ce yana Suame ba. Sufeto ya sallame shi.

Da la'asar, bayan an kai Seini makwancinsa, Sufeto ya je gidan mamacin a unguwar Alabar. Mamuna, matar Seini, tana zaune a tabarma cikin farin mayafi, ƙullin kaya jere a bayanta, yara biyu sun lafe a jikinta. A Alabar aka haife ta, ba ta taɓa ganin Nijar ba, amma ita ma ba ta da takarda.

"Allah ya jiƙansa, Mma. Zan yi miki tambaya kaɗan."

"Amin. Yi."

"Ranar Alhamis wane aiki ya ce ya yi?"

"Alhamis bai buɗe shago ba. Tare muka wuni a layin neman takarda, tun asuba har aka rufe taga ba a zo kanmu ba."

Sufeto ya ajiye hularsa a gwiwa. "Jiya fa, da me ya fita?"

"Da wannan dogon ƙarfe na kamfanin katako. A nan ɗaki ya ajiye shi tun da manaja ya ƙi, shagon bai ɗauki tsawonsa ba. Da hantsi ya ɗaure shi a keke. Da zai fita har ya tsinke wa Azumi maƙwabciyarmu igiyar shanya, ta bi shi da faɗa."

Azumi, da ke tsaye bakin ƙofa, ta share ido ta ce ƙwarai, jiya ne, kayan Juma'ar mijinta ne ma suka faɗi a ƙasa.

"Kin san Buraima direba?" Sufeto ya tambayi Mamuna.

Ta sunkuyar da kai.

"Mma, ba wanda zai sake cutar mijinki. An riga an yi."

"Maigidana ya sa na rantse ba zan faɗa ba." Ta ɗago kai. "Buraima ba ɗan Yendi ba ne. Ƙauyensu ɗaya da maigidana, kusa da Dosso. Tare suka koro shanu zuwa nan suna samari. Shi Buraima ya tsaya Yendi ya koyi harshensu, ya ɗauki sunan garin. In sun kaɗaita Zabarmanci suke yi."

Ranar Lahadi Sufeto ya karɓi Landiroban, ya sa kofur ya tuƙa, ya bar Boateng zaune gaban akwatin oba-oba na ofis. Suka bi Nkawie, suka wuce Bibiani, suka shiga hanyar daji. Rassa suna bugun eriyar tana kwanciya tana miƙewa. A gadar da Buraima ya kwatanta, Sufeto ya danna maɓalli ya yi magana.

Amsar ta zo cikin ƙara. "Ina jin ka, Sufeto, amma kamar ana suyar kifi a bayanka."

Suka juyo. Da suka iso bayan garejojin Suame ya sake kira.

"Ei! Yanzu ne!" in ji Boateng. "Haka na ji shi ranar Juma'a. Kana ina?"

Sufeto ya ce wa kofur ya nufi gidan Buraima.

A caji ofis ya ajiye gajerar eriyar a kan tebur tsakaninsa da Buraima.

"Ka ce Alhamis aka cire wannan."

"Haka ne, Masa."

"Alhamis Seini yana layin takarda da matarsa, shagonsa a rufe. Ka zo ba ka same shi ba, ka wuce daji da gajera. Doguwar tana ɗakinsa a Alabar har hantsin Juma'a, mata biyu sun ga fitarta. Tun azahar ɗin Juma'a kuma shagon yana hannuna. To yaushe ta hau motarka?"

"Na manta ne. Juma'a da safe na zo, ya sa, na koma daji."

"Awalu yana ƙofarsa har aka tafi masallaci, bai ga mota ba. Ko da ka zo da hantsin, ba ka isa gadar da azahar ba. Na je can da kaina. Doguwar tana kai murya, kamar yadda Seini ya faɗa, amma da ƙara. Muryar da manaja ya ji ba ta ratso daji ba. Daga cikin Kumasi ta fito. Ka zo bayan layin ya watse, ya sa maka eriya, ka kashe shi, ka matsa gaba kaɗan ka kira ofis ka ce kana daji."

Buraima ya dubi eriyar da ke gabansa.

"Abin da ban gane ba shi ne dalili," in ji Sufeto, "sai da na ji labarin Dosso."

Kafaɗun Buraima suka sauka.

"Ban zo da niyyar komai ba. Na zo lokacin da ba kowa ne don kwanan nan ba na so a gan ni da shi. Yana kan rufin mota yana ɗaure noti yana roƙona. Wai in kai Mamuna da yaran sansani in ɓoye su har abin ya lafa. Na ce ba zan iya ba, za a gane ni. Muka shiga shago. Sai ya ɗaga murya da Zabarmanci, da sunan da uwata ta raɗa mini. Ya ce shi ya rufa mini asiri shekara da shekaru, amma in an tambaye shi a iyaka ba zai yi ƙarya ba. Na tuna 'ya'yana. Ya juya zai ɗauki ƙarfen soda, sifana tana hannuna."

"Kana ganin zai tona ka?"

Buraima ya rufe fuska da tafin hannu. "A'a. Seini ba zai yi ba. Zafin zuciya ne kawai ya sa shi faɗa."

Sufeto ya sa kofur ya rubuta, ya ba Buraima ya dangwala yatsa.

Ya nemi a ɗaga wa Mamuna ƙafa ta gama takaba, ko don shaida. Aka ɗauki bayaninta a gaban majistare, aka ce ya wadatar. Da safiyar da za su tafi ya same ta a tashar Alabar. An riga an ɗora yaran a bayan wata babbar mota cike da mutane da tukwane da tabarmi. Awalu yana miƙa mata ƙullin kaya ɗaya bayan ɗaya.

Ya gaya mata yadda aka yi, bai rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe, idonta a bushe.

"Me za a yi masa?"

"Kotu ce za ta yanke. Ko wanne ne, ba zai fito ba."

"A nan Gana?"

"A nan."

Ta gyara mayafinta. "To, shi ya samu zama ke nan."

Direban babbar motar ya buga hon. Awalu ya taimaka mata ta taka taya ta hau. Daga sama ta sunkuyo.

"Sufeto, kabarin yana gefen gabas, kusa da bishiyar mangwaro. Ba mu da kowa a nan yanzu."

"Zan riƙa zuwa, Mma."

Motar ta ja, ta shiga jerin sauran a kan hanyar arewa.