Ɗakin da Ke Cikin Sukuru

Shekara talatin Yusha'u ya yi yana sassaƙa ƙarfe a Reluwe ta Zariya, kafin ya dawo Birnin Gwari da tsohon inji guda. A zauren gidansa ya kafa shi, yana yanka wa masu tarakta da masu injin niƙa haƙoran giyar inji. Da idonsa ya fara hazo, har ya daina ganin ƙananan zanen awo da ke jikin hannun injin, sai ya sayo wani akwati a Kaduna ya ɗaura masa. Akwatin yakan nuna tafiyar teburin injin da manyan jajayen lambobi. Ba don shi ba, da Yusha'u ya ajiye sana'a.

Kwana tara da ɗaura shi, gab da magariba, ya ɗauke hannunsa daga injin. Teburin ya tsaya. Lambobin ba su tsaya ba. Sai tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano, sai wata. Kajin gidan suka yi tsit.

Haka aka yi yammaci uku. A na huɗu, 'yarsa Asibi, mai koyarwa a firamare, ta saki kwanon tuwo a bakin zaure, ta tsaya ƙiƙam.

"Yusha'u," ta ce, da muryar da ba tata ba.

Tun da aka haife ta ba ta taɓa kama sunansa ba.

Washegari aka ɗauko Malam Jumare daga Kazage, tsoho mai ƙarancin magana. Ya zaunar da ita kusa da injin, ya yi ta karatu har inuwa ta cika zauren. Sannan ya ce, "Kai wane ne, me ka zo nema?"

Muryar ta ce, "Tambayi mai gidan. In ya juya hannun injin baya, ba yakan yi 'yar tafiya a banza ba kafin tebur ya motsa?"

Kowane mai wannan aiki ya san ta. Dogon sukurun da ke tura tebur ne yakan cinye, ya bar rata.

Muryar ta ci gaba, "Ratar nan ce ɗakina. Shekara da shekaru yana lissafa ta da ka, yana tsallake ni, ban taɓa shi ba. Yanzu ya kawo jan ido yana leƙa ni har ƙuryar ɗaki. Ya cire shi, in sake ta."

Malam ya dubi Yusha'u. "Akwati ne kawai, Malam Yusha'u."

"Idona ne, Malam." Ya juya ga fuskar 'yarsa, wadda ba ta ƙifta ba. "Kai kuma saurara. Ratar nan hannuna ne ya ci ta, ba gadon ubanka ba ce. Ba ka samun idona, ba ka samun 'yata."

Duwatsu suka zubo kan kwano kamar ƙanƙara. Yusha'u bai ɗaga kai ba. Ya ɗauki sifana, da lalube ya kwance injin, ya zaro sukurun, tsawon hannu, ya ajiye a gabanta.

"Ɗaki kake so, ga shi. Ɗauki kayanka."



"Kada a narka shi," in ji muryar, ta yi ƙasa. "A kai ni inda ba a awo."

Malam ya sa aljanin ya rantse sau uku ba zai dawo ba. Asibi ta yi atishawa, ta sulale, ta ce, "Baba, ruwa."

Washegari da hantsi Malam ya kai sukurun daji, ya cusa shi a tsagar dutse. Wata biyu injin na zaune ba aiki kafin sabon sukuru ya iso daga Kaduna. Ranar da Yusha'u ya ɗaura shi, ya ɗan taɓa hannun baya, lamba ta motsa nan take, babu rata.

"Baba, wannan ma zai cinye wata rana," in ji Asibi.

"Zai cinye," ya ce. "Amma zan gani da jan rubutu, tun kafin wani ya shimfiɗa tabarma."