Zum ɗin da Munzali Ya Zaɓa

Ana dab da kiran magariba, Zuwaira tana kwashe shanya a tsakar gidansu da ke Zongon Kwatano, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo a gabanta. Da ta taɓa shi sai ta ji shi jiƙe da ruwan zafi.

A lokacin ne 'yarta Zahida ta fito daga ɗaki tana laluben bango.

"Inna, kina ina?"

"Ga ni a gabanki, ke!"

"Ba na ganinki. Amma ga wani mutum can a unguwar Avotrou yana jan kwalekwale."

Innalillahi! Yarinya tana hango bakin ruwan da sai an hau zemijan, wato babur ɗin haya, ake zuwa, amma ba ta ganin uwar da ke riƙe da hannunta.

Uban, Munzali, mai hoto ne. Shekara goma sha biyu yana ɗaukar biki da suna, bai taɓa ɗaga kyamara a fuskar mace ba sai ya yi sallama ya ce, "Hajiya, in ɗauka?" Da safiyar ranar ya je unguwar Saint-Michel sayen zum, gilashin nan da ake ɗaura wa kyamara ta jawo nesa. Aka ajiye masa biyu: ƙarami wanda ya ishi tsakar gida, da wani dogo mai nauyi. Mai kanti ya ce da dogon ba sai ka matsa kusa da kowa ba. Maganar nan ce ta ci Munzali, ya sayi dogon. Da la'asar ya hau soro, ya auna wani benen da aka bari ba a gama ba, ya murza, ya danna.

Kwana uku duwatsu suna sauka duk magariba, Zahida ba ta ganin ko lomar da ake kai mata baki. Tsoro ya hana Zuwaira cin abinci. Rana ta huɗu aka kira Malam Abdulƙahar, limamin layinsu.

Malam ya daɗe yana karatu. Can Zahida ta miƙe zaune, ta ja zane ta rufe ƙirji, muryar babbar mace ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Ba da kai nake ba."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Tambayi ubanta. Wankan jego nake a ɗakina, ko ɗankwali babu, idonsa ya shigo mini ba sallama. Shi ya sa na karɓi idon 'yarsa."

Munzali ya ce, "Wallahi Malam, taga kawai na gani."

Malam ya ce a buɗe hoton. Tagar bene ce kuwa, babu kowa. Sai dai tururi yana fita daga cikinta, ga ganyen darbejiya a jiƙe a bakinta.

"Laifin uba ba ya hawa kan 'ya," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah. Me zai raba ku?"

"Ya ba ni nasa idon."

"Wannan kam a'a. Zai goge hoton a gabanki, gilashin ya bar gidan nan, ya roƙi gafara."

Da aka fara kiran salla muryar ta ce, "Kuma kada ya ƙara ɗaukar ko bango ne bai tambaya ba."

Munzali ya goge hoton, ya durƙusa gaban 'yar cikinsa yana hawaye ya ce, "Hajiya, ki yafe mini." Zahida ta yi atishawa uku, ta zube jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, kin rame."

Ya mayar da dogon zum ya karɓo ƙaramin. Har yau ko kango zai ɗauka sai ya yi sallama ya jira, mutane suna dariya. Ran sunan ɗan ƙanwarsa ya auna wata kujera da ba kowa a kai, ya tambaya yadda ya saba. Zahida ta kama hannun rigarsa.

"Baba, sauke. Ta ce a'a."