Takardar Da Na Ƙi Sa Wa Hannu

"Sa hannu nan, 'yata, magana ta mutu."

Mamar Dogo ce ta ɗora min takarda a cinya, a gadon asibiti. Har biro ta taho da shi!

Dogo, wanda saura wata biyu a ɗaura mana aure, yana tsaye jikin taga ya sunkuyar da kai.

"Mama, me ke ciki?"

"Abin da kika faɗa da bakinki. Ba ke kika ce kin yafe ba?"

Na faɗa kam. Ranar da aka fito da ni daga tiyata, allura ba ta gama sakina ba, ta shigo tana kuka, na ce, "Ba komai Mama, na yafe." Ashe an riƙe min maganar.

Babban ɗanta, yayan Dogo, shi ya buge ni. Ina tuƙa motar babana, shi kuma ya fito daga kwanar layinsu a guje, waya a kunne, Dogo na zaune gefensa. Ƙafar damata ta karye wuri biyu. Ni kuwa tela ce, da ita nake taka keke.

Na karanta takardar. Wai ni na shigo ban duba ba, kuma ba zan nemi komai ba har abada.

"Ba zan sa ba, Mama."

Ta miƙe ta gyara mayafi. "To ki sani, wadda ta kai ɗana ƙara ba za ta shigo zuri'ata ba. Ga 'yar ƙanwata can, ba tun yau take son Dogo ba."

Na kalli Dogo, ya kau da kai.

Na sha kuka, ba zan ɓoye ba. Da na gaji, na kira wata lauya da nake yi wa ɗinki. Washegari da hantsi sai ga ta.

"Kin sa hannu?"

"A'a."

"Kin ceci kanki. Yafiya tsakaninki da Allah ce, ba ta hana ki haƙƙinki. Ki adana hoton ƙashi, takardun likita da rahoton 'yan sanda. Za mu fara neman diyya a kamfanin inshorar motar yayan Dogo. Ko a zauna sulhu a rubuce, gaban lauyoyi. In an ƙi, kotu. Kuma akwai wa'adi, kar ki yi sanya."

"Anti, ni ba so nake a ɗaure shi ba."

"Wa ya ce ɗauri? Maganinki muke nema, da watannin da shagonki zai yi a rufe. Matsalar ɗaya ce, ya gaya wa 'yan sanda laifinki ne. Wa ya gani?"

"...Dogo."

"Tabɗi!" in ji Lauya.

Da yamma na kira Dogo ya zo.

"Gimbiyata..."

"Ajiye gimbiyar nan tukuna. Abin da idonka ya gani nake so ka je ka faɗa."

"Haba masoyiya! Shi fa ya raine ni bayan rasuwar Baba."

"Na sani. Ina sonka, Dogo, son da har haushin kaina nake ji. Amma ba zan zauna da mijin da ya san an yi min ƙarya ya yi shiru ba. Da kai ko ba kai, zan nemi haƙƙina."

Ya daɗe yana kallona, ya fita.

Kwana uku ko kira babu. Na rame, amma ban neme shi ba.

Rana ta huɗu ina koyon tafiya da sanda a barandar asibiti, gumi ya jiƙa ni sharkaf, sai na ji an riƙe min gwiwar hannu.

"A hankali, sarkin taurin kai."

Dogo ne. Takarda ya miƙo min mai hatimin 'yan sanda.

"Na ce wa Yaya ƙarfe goma zan je in ba da shaida, ya biyo ni ko in tafi ni kaɗai. Har na kai bakin ƙofar ofishin 'yan sanda, sai na ji takunsa a bayana. Da bakinsa ya gyara bayanin."

Sandar ta kusa suɓuce min.

"Mama fa?"

"Ta ce kar in ƙara taka mata gida."

"Ka yi nadama?"

"Na yi. Ta kwana ukun da na bar ki."

Wayyo, ni da na sha alwashin ba zan sake kuka gabansa ba!

Ba mu kai ga kotu ba, inshora ta biya. Bayan wata bakwai aka ɗaura aurenmu, ina ɗan ɗingishina. Yaya ya zo ya zauna a gaba, Mama ba ta zo ba.

Har yau in na kira ta, da ƙyar take amsa gaisuwata. Ni kuwa kullum da safe sai na kira.