Inda Ƙuda Ba Ya Sauka

Ranar Laraba da hantsi aka tsinci kyanwoyi bakwai cikin ciyawar bakin ruwan Yelwa, kusa da inda mata ke gyaran kifi. Duk matattu ne, kowace da zaren komar kamun kifi ɗaure a wuya. Kafin Saja Basiru na 'yan sanda ya iso mutane sun fi ɗari a wurin, amma babu wanda ya yarda ya matsa kusa.

Basiru ya tsuguna. Ga tulin hanjin kifi can gefe, ƙudaje sun rufe shi baƙi ƙirin. A kan kyanwoyin kuwa ko ɗaya babu. 'Yan kaɗan da suka gwada sauka suna zube a ƙasa, ƙafafu sama. Shekararsa goma sha tara yana duba gawa, bai taɓa ganin wadda ƙuda ya ƙi ba.

Ya duba zaren. An yi masa ƙulli irin na masu ɗinkin koma: biyu suna da ƙulli huɗu, biyu biyar, uku shida.

"Aikin Hamdiyya na!" wani ya ɗaga murya. Alhaji Jabir ne, babban dillalin kifin banda. "Wa ka tara kyanwoyi garin ga in ba ita ba? Ko ta bar unguwa kafin Juma'a, ko mu hidda ta da kanmu."

Jama'a suka ɗauka. Mutanen Yelwa, Allah ya ba su, in sun tsorata ba sa ɓata lokaci wajen neman mai laifi.

Hamdiyya ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce. Ta taɓa aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a birni, ta ajiye aikin ta dawo gida, ta shiga bin makarantu da kasuwa tana cewa a daina gwada magani a jikin dabba. Ana yi mata dariya, har aka ga tana kwasar kyanwoyi marasa lafiya tana kaiwa gida, sai dariyar ta koma raɗa.

Basiru ya same ta ta kulle ƙofa, an riga an fara jifan kwanon ɗakinta. A tsorace take, ba ta ɓoye ba.

"Kyanwa nawa gare ki?"

"Sha ɗaya, Yallaɓai. Ƙirga su."

Ya ƙirga, sha ɗaya cif, kowace da ƙiba. Ya zaro zaren wuyan matattun kyanwoyin daga aljihu ya shimfiɗa mata. Ta bi ƙulle-ƙullen tana ƙirgawa.

"Wanga ba tsafi ba ne," ta ce. "Lamba ce. Inda na yi aiki haka muke wa ɓeraye, sai dai mu da alƙalami. Kowane rukuni da yawan maganin da anka ba shi. Wani na gwada guba, yana son ya ga iyakar da ke kashewa." Ta ɗago kai. "Ina masu ƙulli ɗaya, da biyu, da uku?"

Basiru ya mayar da zaren aljihu. Ya bar ɗan sanda guda a ƙofarta ya wuce kasuwa, wurin Dudu mai maganin ɓera, don dai duk wanda ya rage kyanwoyin gari ya yi wa Dudu hidima.

Dudu ya rantse har sau uku ba shi ba ne. Basiru ya miƙa masa sabon zare.

"Yi mani ƙullin koma."

Dudu ya yi ta fama, ya ƙare da wani dunƙule da ko akuya ba zai riƙe ba. Ɗan tudu ne, bai taɓa riƙe koma ba. Ga kuma mataccen ɓeran da yake ratayewa don talla, ƙudaje na ta biki a kansa. Basiru ya sallame shi.

Daga nan bai ƙara tambayar kowa komai ba. Ya bi layin sitocin kifi a hankali, yana kore ƙuda daga fuska kamar kowa. Sito na ɗaya, na biyu, na biyar, duk ɗaya. A ƙofar na shida hannunsa ya tsaya a sama, babu abin korewa. Kwalayen banda ne jibge har rufi, amma wurin tsit, ba ƙarar ƙuda, ba tururuwa a ƙasa, ko gizo-gizo babu a kusurwa. Daga can ciki wani siririn kuka ya fito.

Ya aika aka zo da Hamdiyya a bayan babur, jama'a biye da ita. Mai siton ya taho da mabuɗin ɗakin ciki yana huci. Alhaji Jabir ne.

A ciki kyanwoyi shida ne ɗaure a jikin turaku, idanunsu kawai ke motsi. Ƙulli ɗaya, biyu, uku. A gefe ga kwalbar maganin ƙwarin gona da murfinta a kife.

Basiru ya ce, "Alhaji, kafin ka zama dillali mene ne aikinka?"

"Ɗinkin koma. Kowa ya sani."

"Ƙulli shida, murfi shida na wannan a bokitin ruwa, a yayyafa wa kifi, a ba kyanwa. Haka ne?"

Alhaji ya dubi jama'a, ya ga ba mafita. Abin haushin, da ya buɗe baki ba kunya ce ta fito ba, alfahari ne.

"Awo, ni na yi. Bara ƙwari sunka cinye mani banda kwali arba'in. Wasu na zuba magani da ka, ba ruwansu da wanda zai ci. Ni tsoron Allah ya sa na gwada ga dabba tukuna. Huɗu na kashewa, uku ba ya komi. Ga su nan da ransu!"

"To don me ka ɗora wa baiwar Allah?"

"Da an san nawa ne, wa zai sake sayen kifina?"

Hamdiyya ta matsa kusa da kyanwoyin. Ta zaga bayan turken mai ƙulli uku, ta janye wani buhu da ƙafa. Ƙasan wurin duk busasshen amai ne.

"Ba ta riƙe shi a ciki ba, Alhaji. Tana ci tana zubarwa, shi ya sa ba ta mutu ba. Ko da ta riƙe ma, cikin kyanwa daban, na mutum daban. Shekara huɗu ke nan ina faɗin wannan a kasuwar ga. Ka kashe bakwai, ka azabtar da shida, kuma ba ka gano komi ba."

Basiru ya ce, "Kwali nawa ka sayar na murfi uku?"

"Ko ɗaya. Sai kasuwa mai zuwa." Alhaji ya dubi aman. "Guda dai na kai gida. Ɗiyata Sa'adiyya ta haihu, ana yi mata romo tun Lahadi." Ya juya ga Hamdiyya. "Da safen ga ta ce ganinta na dishi-dishi, yawu na cika mata baki. Munka ce jego ne."

Hamdiyya ce ta sunkuya ta ɗauki kwalbar, ta rufe, ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Yallaɓai, a kai ta asibiti yanzu, ita da jaririn. Likita zai so ganin wannan."

Mutanen da suka jefi ɗakinta ɗazu suka dare suka ba ta hanya. Basiru ya riƙe hannun Alhaji, amma mutumin ya ja shi har bakin babur, rawaninsa na warwarewa.

"Malama, don Allah. Za ta tashi?"

Hamdiyya ta hau babur, ta juyo. Babu gori a fuskarta, tausayi ne kawai.

"Ban sani ba, Alhaji. A jikinta ne yanzu za a gani."