Ranar da Aka Soke Jirgi

Jirgin ƙarami ne, irin wanda sai an daidaita nauyin fasinjoji kafin ya tashi. Ma'aikaciyar jirgin ta dubi wani ƙaton saurayi ta ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri ka dawo gaba, baya ya yi nauyi."

Ya taso yana jin kunya, aka zaunar da shi kusa da wata budurwa da ke gefen taga tana danne dariya. Shi malamin makaranta ne zai je taro, ita nas ce za ta koma gida wajen mahaifiyarta. Kafin a sauka ya karɓi lambarta. Ta sa masa suna Mai Nauyi, shi kuma yana kiranta 'Yar Taga.

Soyayya ta kankama, amma Mama, mahaifiyar 'Yar Taga, ta ƙi sam saboda nisan garinsa.

"Mama, ko awa guda fa ba a yi a sama."

"A sama kika ce. Ni a ƙasa nake zaune. Ke kaɗai gare ni. Ran da na kwanta ciwo babu jirgi, wa zai kawo min ke?"

Ga kuma ɗan maƙwabta mai shagon fenti, kullum yana zarya, Mama na yabon kusancinsa. Da ƙyar da kuka aka samu ta yarda Mai Nauyi ya zo ta gan shi, sau ɗaya tak.

Ranar da safe ya turo saƙo: "'Yar Tagata, ina filin jirgi. Ki taya ni addu'a."

Ta amsa: "Ka zo kawai, Mai Nauyina, ina nan."

Daga nan shiru. Ta kira, waya a kashe. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, abinci ya huce a falo. 'Yar Taga ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, don ta gama yarda ya fasa.

Rana na gab da faɗuwa aka yi sallama. Ga shi tsaye, riga a yamutse, ƙafafu sun kumbura, abin tausayi. Ashe soke jirgin aka yi, sai ya nufi tasha. Motar farko ta lalace a hanya, ya hau ta kaya, waya kuma caji ya ƙare.

Ya durƙusa ya ce, "Mama, ki gafarce ni. Gaskiyarki ce, akwai nisa. Yau na gani da idona."

Mama ta daɗe tana kallon ƙafafunsa.

"Me ya hana ka bari sai gobe?"

"Yau na ce miki zan zo."

Ta juya ga 'yarta ta ce, "Ke, tsayuwar me kike yi? Ɗumamo wa ɗana abinci."

Bayan watanni aka ɗaura aure. A filin jirgi Mama ta riƙe hannayensu biyu, hawaye na zuba. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ka tafi da ita, ɗana. Na san ko babu jirgi za ka kawo min ita."