Lamba Arba'in da Biyu

Ranar da ya fara shiga shagon, da ɗingishi ya shiga, takalmin hagu a hannunsa, dunduniyar ta ɓalle tana reto.

Malam Shiru ake ce masa a wurin aiki. A ɗakin ajiye fayil na wani asibiti yake, can ƙasan bene inda babu taga, sai fanka mai kuka da manyan kabad na ƙarfe. Yakan yini bai ce komai ba in ban da "ga shi" da "sa hannu a nan". In ya tashi sai ɗakinsa na haya: katifa, rediyo, kofi ɗaya, cokali ɗaya. Bai taɓa ganin dalilin sayen na biyu ba.

Shagon na wani tsohon baduku ne mai ɗinka takalma. Ranar ba ya nan, sai ƙaramar 'yarsa da kowa ke kira Auta, tana zaune tana yanka fata.

"Sannu Malam. Kai ka kayar da takalmin, ko shi ya kayar da kai?"

"Tayil aka goge a wurin aiki, na zame."

Ta karɓa ta juya shi. "Ai dole ka zame. Ƙasan fata ne, kuma ya sule kamar sabulu. Mai yini a kan tayil roba ake sa masa, mai zane-zane da za ta kama ƙasa. Ƙasan fata na masu taka kafet ne."

Ta zura hannu ciki, sai ta zaro dunƙulen jarida. Ta sake zurawa, ta zaro wani.

"Ikon Allah! Da yatsun ƙafa kake karanta labarai?"

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta jawo kwali ta shimfiɗa a ƙasa.

"Taka nan. Miƙe tsaye ka saki nauyinka, ba a awo a zaune. Ka ma zo a kan gaɓa, da yamma ake auna ƙafa, bayan ta gama kumburinta na yini."

Ta zagaye ƙafar da fensir, ta ɗora tef.

"Arba'in da biyu kake, takalminka arba'in da huɗu. Faɗin babban yatsa ɗaya ya kamata ya rage a gaba. Kai naka har mutum zai iya kama haya a ciki."

Dariya ta kuɓuce masa. Shi kansa sai da ya yi mamakin jin muryarsa.

"A dai manna min dunduniyar," ya ce.

"Ba za ka nemi daidai kai ba?"

"Wannan ɗin nake so."

Yadda ya faɗi maganar ya sa ba ta ƙara tambaya ba. Ta shafa gam, ta buga ƙusa uku, ta mayar masa da jaridarsa ciki.

Bayan kwana biyu ya dawo sayen igiyar takalmi. Ya dawo sayen man gogewa. Da ya zo sayen igiya karo na uku, Auta ta ce, "Malam, ko dai cin igiyar nan kake yi?" Ranar ya tafi da lambar wayarta, daga nan suka fara musayar saƙo.

"Barka da yamma, Arba'in-da-biyu. Yau an zame?"

"Ban zame ba, Mai Awona. Amma tun da kika zana ƙafata, ban yi taku ɗaya ban tuna ki ba."

"Kwalin yana nan. Na ɓoye shi a bayan kabad ɗin Baba."

"Yau na sayi kofi na biyu. Ban san dalili ba."

"Ni na sani."

Wata huɗu suna haka. Mutumin da a da ba ya ɗaga kai, yanzu har masu gadin asibiti yake gaisarwa. Daga nan ta ce ya zo ya ga Baba.

Baba yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani a gidan. Duk wanda ya zo neman 'yarsa, sai ya bari ya shige falo, shi kuma ya tsuguna a bakin ƙofa ya ɗauki takalmin baƙon ya duba ciki da bai. Haka ya yi wa mazan yayyenta uku, kuma yana bugun ƙirji bai taɓa kuskure ba. Akwai ma ɗan dillalin da ke kawo musu fata, wanda ya daɗe yana zarya a mota, shi tuni ya ci wannan jarrabawar. "Takalminsa cif da ƙafarsa," in ji Baba, "yaron ya san girman kansa." Auta takan ce, "Baba, ai ƙasan takalmin nan bai taɓa ganin ƙasa ba."

Ranar da Malam Shiru ya zo, Baba ya shigo falon riƙe da takalmin, fuska ba walwala.

"Yaro, wannan na wane ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Fata takan ɗauki siffar ƙafar mai ita. Dubi inda ya lanƙwashe. Wannan ƙafa ce mai faɗi, ta mutum mai jiki, mai taka gefen waje. Ba taka ba ce." Ya zaro jaridar ya ajiye a kan tebur. "Wanda ya zo neman aure da takalmin wani, ban san sauran abin da ya aro ba. Je ka, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Saurayin ya miƙe. Ba a banza ake ce masa Malam Shiru ba. Ya ɗauki jaridarsa, ya sa takalminsa, ya fita.

Mako uku ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Ya koma ƙasan bene, shi da fanka da fayil. A ɗakinsa kuma ya kife kofi na biyu a kan taga, kuma duk sanda idonsa ya faɗa kansa sai ya kawar da kai. Kaɗaicin da ya saba da shi shekara da shekaru, yanzu ya zame masa baƙo mai nauyi, don ya ɗanɗana rashinsa.

"Ka ce min wani abu, ko kalma ɗaya ce," ta rubuto.

Ya rubuta, ya goge. Ya sake rubutawa, ya sake gogewa.

Ita ma a shago ba ta da sukuni. Ɗan dillali ya ƙara yawan zarya, ita kuma zuciyarta ta fara yi mata tambayar da ba ta so: in ba aro ba ne, me ya hana shi faɗa? Wata safiya da ruwa ya sauko, ta ɗauki waya.

"Ban ce ka yi bayani ba. Damina ta shigo, gam ɗin da na sa ba zai kai ka ko'ina ba. Kawo takalmin."

Ya kawo shi a leda, shi kuma sanye da silifa. Ya ajiye ya juya, ko ido ba su haɗa ba.

Ta ɗora a kan teburin Baba.

"Na gane shi," in ji Baba.

"Aiki ne, Baba. Ka taɓa mayar da aiki?"

Ya yi tsaki, amma ya ɗauki wuƙa. Da ya ɓare tsohon ƙasan, sai ya tsaya. Ya gyara tabarau, ya bi gefen fatar da farce. Layin hujin basilla ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba, har biyar. A ciki kuma shafin ya sha faci da zaren ɗinkin riga, aikin hannun da bai iya ɗinki ba amma bai gaji ba. Fatar tsohuwa ce tukuf, sai dai ta sha mai har ta yi laushi.

Baba ya ajiye wuƙar.

"Auta, ba a yi wa takalmin aro sabon ƙasa har sau biyar. Kira min shi."

Da yamma ya zo, ya durƙusa a gefen teburin.

"Zauna, yaro. Na wane ne?"

"Na mahaifina ne, Baba," ya ce. "Ina da shekara goma sha bakwai ya rasu, mahaifiyata kuma ta riga shi. Da aka zo raba kayansa, wannan kaɗai na ce a ba ni. Na ɗauka ƙafata za ta girma ta cika shi. Shekara goma sha biyu ke nan ina jira."

Auta ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

"In na dawo na cire shi na ajiye a bakin ƙofa," ya ci gaba, "sai in ji kamar mu biyu ne a ɗakin."

Baba ya cire tabarau ya ajiye. "Shekara arba'in ina duba takalman mutane, ban taɓa tambayar mai takalmi ba. Ka yafe min, ɗana." Ya yi gyaran murya. "Auta, kawo kwali in auna shi."

Ta miƙa hannu bayan kabad, ta zaro nata. "An riga an auna, Baba."

Ya harare ta. "Da safe ko da yamma?"

"Da yamma."

"To, da sauƙi." Ya juya ga saurayin. "Ƙafarka ta gama girma, ɗana, kuma ba laifinta ba ne. Zan ɗinka maka daidai kai. Amma ina neman izininka in sa wa wannan wuƙa."

Malam Shiru ya ɗauki takalmin ya riƙe a ƙirji. Ya dubi Auta, ya dubi takalmin. Sannan ya miƙa da hannu biyu.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da safen ranar Baba ya ba shi kwali. Baƙin sau-ciki ne, lamba arba'in da biyu, ƙasan roba mai kama tayil. Da ya leƙa ciki sai ya ga shimfiɗar da tafin ƙafa ke takawa: tsohuwar fata ce mai laushi, wadda ya sani kamar tafin hannunsa.

Ya sa, ya taka. Dunduniya ba ta zame ba, yatsu ba su yi iyo ba.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Baba. "Allah ya sa ku tsufa tare, ya raba ku da zamewa."

Da la'asar suka isa sabon ɗakinsu. Ya cire takalminsa ya ajiye a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Auta ta cire nata ta jera kusa da shi, sannan don tsokana ta zura hannu cikin nasa.

"Babu jarida, Arba'in-da-biyu."

"Babu, Mai Awona."

Ya tsaya yana kallon takalman nan a jere, hawaye na bin kumatunsa, bai ko share ba. Daga ciki ya ji ƙarar kwanuka, sai muryarta:

"Wane ne nawa a cikin kofunan nan?"