Hannun Rigar Halliru

"Ban gaya mata ba, Humaira."

Halliru ya faɗi haka idonsa a ƙasa, yana zaune a bakin tabarma cikin zauren Malam Lukmanu. La'asar ta yi sanyi, matan da Humaira ke koyarwa a Islamiyyar mahaifinta sun watse.

Ta tsaya da kwanon ruwa a hannu.

"Ba ka gaya mata ba..."

"Wallahi na shiga ɗakinta da niyya. Sai na tarar da baƙi."

"Tun kafin azumi kake tarar da baƙi, Halliru!"

"Sanyin idona, ki saurare ni..."

"Na saurara har na gaji. Ka san abin da aka ce mini yau a layin masu atamfa? Wata ta tambaye ni ko namiji na haifa ko mace!"



A daidai lokacin wata farar kyanwa ta fito daga cikin gida, ta wuce ƙafafun Humaira, ta haye cinyar Halliru kamar wadda ta dawo wurin da ta saba. Ta kama hannun rigarsa da baki, ta lumshe ido, ta shiga tsotsa tana dannawa da ƙafafun gaba, maƙogwaronta na kaɗawa kur-kur-kur.

Duka biyun suka zuba mata ido.

"Dube ta," in ji Humaira a hankali. "Wannan kaɗai nake roƙo. Ka ɗauke ta, ka zauna gaban Hajiya, ta gani da idonta."

Halliru ya janye hannunsa. Rigar ta jiƙe.

Asalin maganar ƙarama ce, irin wadda ya kamata a yi dariya a manta. Hajiya Baraka, mahaifiyar Halliru, ita ce babbar mai shigo da atamfa da leshi ta bakin iyaka a garinsu Illela. Wata rana kyanwar sito ta haihu a tsakiyar dilar leshinta mafi tsada, ta ɓata shi. Hajiya ta sa aka kore uwar da sanda, ta kira ɗan autanta, ta nuna masa 'ya'yan da ko ido ba su buɗe ba.

"Kai su hanyar Kalmalo ka zubar. In ka bar mini ko ɗaya da rai, ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Ya kai su. Amma ɗaya ta maƙale masa a hannun riga tana neman abin tsotsa, ya kasa ɓamɓare ta. Ya ɓoye ta a bayan sito, yana ɗiga mata madara da auduga, ya koma ya rantse wa uwarsa cewa babu wadda ta rage. Da Humaira ta dawo daga Ƙonni, can ƙetaren iyaka, inda ta yi kusan shekara tana jinyar gwaggonta, sai ya kawo mata ita cikin kwali, ya ce ta riƙe masa amana, kada kowa ya ji daga inda ta fito.

Humaira ta sa mata suna Auta, don ta tsokane shi.

Auta ta girma, ta ci kifi, ta kama ɓera, amma ba ta daina tsotso ba. Abin da aka raba da uwa tun bai ƙoshi ba haka yake rayuwa: bargo, gefen zane, duk abin da ke da laushi da ɗumi, uwa ce a wurinsa.

Sai ranar da dangin Halliru suka kawo kayan sa rana. Cikinsu har da Shahida, ɗiyar ƙanin Hajiya, wadda kowa a gidan ya san ita Hajiya ta so wa ɗanta. Shahida ta leƙa ɗakin Humaira ba sallama, ta same ta kishingiɗe, Auta kwance a ƙirjinta tana tsotson gaban rigarta, wurin ya jiƙe.

Shahida ta yi murmushi mai tsawo.

"Ikon Allah! Amarya, ashe mussa na tsotson inda babu komi?"

Kafin ranar kasuwa ta zagayo, Illela ta gama lissafinta. Shekara a Ƙonni. Jinyar da babu wanda ya gani. Kyanwa mai jin ƙamshin nono. Humaira ta nuna wa maƙwabta yadda Auta ke tsotson bargo, suka ce ai bargon da take kwana ciki ne. Shaida guda ce ta rage, shaidar namijin da Auta ta fara tsotson rigarsa tun kafin ta san Humaira.

Shi ne zaune a zaure yana matse hannun rigarsa.

"Ba ki san Inna ba," ya ce. "Rantsuwa na yi mata. Kuma kin ji abin da ta ɗora a kai."

"Ni kuma mi ka yi mini? Ba rantsuwa ba?"

"Ki ba ni zuwa Juma'a, rabin raina. Juma'a kawai."

Ta daɗe tana kallonsa. Tana son wannan fuskar tun suna yara, tana son yadda yake tausayin ƙananan abubuwa. Ba ta taɓa tambayar kanta ko tausayi na iya tsayawa da ƙafafunsa ba.

"Juma'a," ta ce.

Hajiya Baraka ba ta jira Juma'a ba.

Da hantsin Laraba motarta ta tsaya ƙofar gidan Malam. Halliru ne ya tuƙo. Ta shiga da Shahida da wata tsohuwar ungozoma mai sanda, ta bar shi a zaure.

Malam Lukmanu ya fito tsakar gida da carbi, fuskarsa ta faɗa kamar wanda ya tashi daga ciwo.

"Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam, sai alheri. Magana ta yi yawa a gari, ni kuma ɗa guda ya rage mini. Ga tsohuwa nan, a duba ɗiyar ga, kowa shi huta."

"A gidana? Ɗiyata?"

"In babu komi, mi na tsoro?"

Humaira ta fito daga ɗaki, Auta na bin ƙafarta. Ta tsaya gaban Hajiya.

"Hajiya, ki gafarce ni. Amana na riƙe, yau ta fi ƙarfina. Wannan kyanwar daga sitonki ta fito. Halliru ne ya kawo mini ita. Bai zubar da ita ba, shi ya raine ta, kuma rigarsa ta fara tsotsa kafin tawa."



Shahida ta tafa hannu. "Ji wata sabuwa! Yanzu kuma Yaya Halliru ne mai nonon?"

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta juya wajen zaure.

"Halliru!"

Ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa. Auta na ganinsa ta ɗaga jela ta nufe shi.

Ya sa gefen ƙafa ya ture ta.

Humaira ta ga wannan. Babu wanda ya lura sai ita.

"Ɗiyan mussar da na ba ka," in ji Hajiya, "ka zubar ko ba ka zubar ba? Ka tuna abin da na ce ranar. Dube ni ka amsa."

Ya dubi uwarsa. Bai dubi kowa ba bayan ita.

"Na zubar, Inna."

"Duka?"

"...Duka."

Humaira ba ta yi kuka ba. Ta juya ga mahaifinta, ta ga carbin ya tsaya a hannunsa, ta ga yana kallonta da wani ido da bai taɓa kallonta da shi ba. Wannan kallon ne ya fi komai ciwo, ya kuma yanke mata shawara.

"Baba, ka bar su. Iya ungozoma, mu shiga."

Aka saki labule. Hajiya ta ce sai da shaida, don haka ita da Shahida suka bi su.

Akwai abubuwan da ake yi wa mutum da rana tsaka, ba duka ba zagi, amma ba ya sake zama wanda yake da safe. Humaira ta kafa idonta a kan wata tsaga a jikin bango. Hannun tsohuwar yana da sanyi da kaushi. Ta duba, ta matsa, ta sake matsawa, Shahida na leƙe ta kafaɗarta. A waje Auta na kuka a bakin labule.

Can tsohuwar ta ja mata mayafi ta rufe ta.

"Babu komi. Ɗiyar ga ba ta taɓa haihuwa ba, ko kusa. Ku ji tsoron Allah, ku da kuka taso ni!"

Hajiya ta fito tana gyara gyale, fuskarta a sake.

"To madalla! Malam, ka gani? Gara da aka duba. Biki na nan yadda aka sa. Sai dai mussar ga da ta jawo mana abin kunya, ba ta kwana gidan nan, ba ta shiga nawa. Halliru, akwai buhu a mota."

Ya tashi ya ɗauko.

Humaira ce ta kawo masa ita da kanta har zaure. Ta sumbaci kan Auta, ta sa ta a hankali cikin buhun da yake riƙe da bakinsa.

"Kada ka kama ta a wuya. Ba ta so."

"Humairata, wallahi zan gyara. Ki bari a ɗaura, in mun zauna zan..."

"Kada ka sake kirana da wannan sunan."

"Ba ki ga yadda ta tsare ni ba? Uwa ce, Humaira! Tsinuwar uwa..."

"Na gani." Ta zare zoben sa rana, ta sake shi cikin buhun, a kan kyanwar. "Ita an raba ta da uwarta ido bai buɗe ba, tana da uzuri. Kai mi ne uzurinka?"

Ta koma ciki. Washegari Malam Lukmanu ya sa aka mayar da kayan sa rana, ko tsinke bai rage ba.

Halliru bai kai Auta Kalmalo ba. Ya mayar da ita bayan sito, ya sake gaya wa uwarsa cewa ya zubar. A can yake cin abincin rana, ita tana kan cinyarsa tana tsotson hannun rigarsa, shi yana shirya maganar da zai yi wa Hajiya. Ya shirya ta da kyau. Kullum yana ƙara mata wata kalma mai kyau, kullum yana barin ta zuwa gobe.

Gari kuwa bai janye komai ba. Waɗanda suka ce ta haihu suka koma cewa ai yarinyar da aka kai ga dubawa, ko yaya da wani abu. Mata suka ragu a ajinta. Humaira ta koma Ƙonni wurin gwaggonta, kuma bayan an cire albasa a gonaki labari ya zo cewa Bashar, maƙwabcin gwaggon, wanda ya ga jinyar da idonsa tun daga farko har ƙarshe, ya nemi aurenta. An tambaye ta, ta ce ta yarda.

A gidan Malam aka ɗaura, da hantsi. Bayan azahar motocin kai amarya suka jeru za su tsallaka iyaka, kuma hanyarsu ta ƙofar gidan Hajiya Baraka take.

Falon Hajiya cike yake da mata a ranar. An baza leshi da atamfa a kan kafet, ana zaɓen na lefen Shahida da za a aura wa Halliru, ita kuma tana gefe tana rufe fuska da gyale tana dariya.

Halliru ya yi sallama ya shigo, farar kyanwa a kafaɗarsa.



Ya zauna a ƙasa, daidai gaban uwarsa, ya ɗora Auta a cinya, ya miƙa mata hannu. Ta shinshina, ta kama rigar, ta lumshe ido. Kur-kur-kur... Sautin ya cika falon. Matan suka zuba ido suna kallon yadda shaddar ke jiƙewa, wurin yana faɗaɗa.

"Inna," ya ce, "ban zubar ba. Ni na raine ta. Tun ido bai buɗe ba haka take yi mini. Humaira gaskiya ta faɗa."

Daga titi aka jiyo hon ɗin motoci, da guɗa, suna matsowa.

Hajiya Baraka ta dubi kyanwar, ta dubi ɗanta. Ba ta tsine masa ba. Ko murya ba ta ɗaga ba.

"Ai na sani," ta ce. "Tun ranar na gane farar, ɗiyar mussata ce. So nike in ga wa za ka zaɓa."

Ta jawo wani leshi ruwan zuma ta miƙa wa ta kusa da ita.

"Wanga ya yi. Sa shi cikin akwati."

Motocin suka wuce ƙofar gidan ɗaya bayan ɗaya, suka nufi bakin iyaka, guɗar na raguwa har ta ɓace.

Halliru bai ɗaga kai ba.

Auta ta gyara kwanciya a cinyarsa, ta ci gaba da tsotson rigar da babu komai a cikinta.